Misalin Mai Gina Dara da Sassan Aro

An yi wani mutum a wani gari, malamin lissafi a makarantar sakandare, sunansa Filimon. Shi ne autan gidansu, har ya yi gemu ya ajiye iyali mahaifinsa bai daina kiransa Auta ba. Mutumin nan yana da wani abu da yake so bayan koyarwa, wato haɗa ƙananan wasanni a kwamfuta, irin waɗanda ake bugawa a waya. Ba sana'arsa ba ce, ba kuma wanda ya sa shi. Ranar Asabar abokansa su tafi kallon ƙwallo, shi kuwa ya jawo tebur ƙarƙashin rumfa ya buɗe kwamfutarsa har rana ta karkata.

Mahaifinsa, Baba Bawa, tsohon manomi ne, yana da amini guda ɗaya mai suna Cindo. Shekara arba'in da ɗoriya suna buga dara a gindin tsamiyar ƙofar gida. Kowace yamma Cindo zai zo da duwatsunsa goma sha biyu a aljihu, Baba Bawa ya kakkarya tsinkayensa goma sha biyu, su tona gurabe a ƙasa, su kasa, su yi ta cin juna suna tsokana. Ba ranar da za su tashi ba su yi gardama ba, ba kuma ranar da ɗaya zai kwana bai ga ɗaya ba.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Cindo. Harshensa ya yi nauyi, hannun dama ya mutu, na hagu ne kaɗai ke motsi, hankalinsa kuwa garau. 'Yarsa Tabita ta zo ta ɗauke shi zuwa Ikko inda take aiki, saboda asibiti. Tsofaffin suka gwada gaisawa ta waya, abin bai yiwu ba. Baba Bawa ya yi ta zuba magana, daga can sai numfashi da wani sauti da ba a gane shi. In ya ajiye wayar sai ya tashi ya shiga ɗaki, ranar ko tuwo ba ya ci sosai.

Abin ya dami Filimon ƙwarai. Wata rana ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, zan yi muku dara a waya. Kana nan, Baba Cindo yana can, ka taɓa gurbi ya gani, ya taɓa ka gani. Ba sai an yi magana ba."

Tsohon ya ce, "Da hannu ɗaya?"

"Da yatsa ɗaya ma, Baba."

Baba Bawa ya ce, "To Auta, in za ka yi, ka yi da wuri. Ni da Cindo ba sauran jinkiri a gare mu."

Yanzu sai ku natsu, gama a nan zancen yake. Masu irin wannan aiki ba sa ƙera komai da komai da hannunsu. Akwai babbar manhaja wadda ake gina wasa a kanta, ita ce tushe. Sai kuma ƙananan sassa waɗanda waɗansu mutane a wurare dabam dabam suka riga suka haɗa, suka ajiye a intanet, kowa ya ɗauka ya jona a aikinsa. Su suna ce musu fulogin, mu sai mu ce sassan aro. Aro ba laifi ba ne, ko magini ba shi yake ƙera ƙusa ba. Amma kowane sashe yana da lamba mai nuna ko na bara ne ko na bana, kowanne kuma yana jingine da waɗansu sassan. Ka gayyaci ɗaya, ya zo maka da 'yan rakiya biyar waɗanda ko sunansu ba ka sani ba, kowanne da irin abokin da yake iya zama da shi.

Filimon ya fara da sassa uku. Ɗaya yana zana gurabe, ɗaya yana jin taɓin yatsa, na ukun yana sada waya biyu ko da suna nesa da juna. Dokokin wasan kuwa shi ya rubuta da kansa, yana tambayar mahaifinsa yadda suke yi: uku a jere a ci, huɗu ba sa ci. Cikin mako shida abu ya tashi. Gaskiya ba shi da kyan gani. Fili ne ruwan ƙasa da ɗige-ɗige baƙaƙe, tsinkayen kamar an ja su da alli, duwatsun kamar kashin awaki. Amma yana aiki.

A makon nan ne yayarsa Keziya ta zo gida domin sujadar godiya ta lokacin kaka. Ita kam haɗa manhaja shi ne abincinta, a wani kamfani take yi a birni. Filimon ya ba ta tsohuwar wayarsa ta shiga madafa, shi ya zauna a rumfa da tasa, suka gwada. Ta cinye shi sau biyu tana tuƙa tuwo. Ta fito tana dariya ta ce, "Ya yi. Tura wa Tabita yau ɗin nan."

Ya ce, "Haba Yaya, wannan mummunan abin zan aika Ikko? Ai sai a yi mini dariya. Bari in ɗan gyara shi."

Ta dube shi irin duban da take masa tun yana ƙarami. Ta ce, "Na san gyaranka. To in ba za ka tura ba, ka ɗauki kwafin komai yadda yake a yau, ka ajiye a wani wuri dabam. Ka rubuta sunan kowane sashe da lambarsa. Kuma akwai wani madanni da ke cewa a sabunta duka, kada yatsanka ya kusance shi."

"Wannan ai dokar kamfaninku ce, Yaya. Ni abin sha'awa nake yi."

"Kai ne kake sha'awa," in ji ta. "Baba jira yake yi."

Ya ce to, ya ji. Ta koma birni, bai ɗauki kwafi ba, bai rubuta ko lamba ɗaya ba. Ba don taurin kai ba ma, kullum cewa yake gobe.

Daga nan ado ya fara. Ya ce ya kamata Baba Cindo ya ga tsamiyar gida a bayan gurabe, sai ya ɗauko sashen da ke zana itatuwa. Ya ce dutse in ya faɗa gurbi ai yana ƙara, sai ya ɗauko sashen sauti. Ya sa iska tana kaɗa ganye. Ya sa kaza tana wucewa da 'ya'yanta, kaza fa, a wasan da mutum biyu ke jira! Sassa uku suka zama goma sha ɗaya, 'yan rakiyarsu kuwa sun haura arba'in, bai taɓa ƙirga su ba. In an tambaye shi zai ce domin Baba Cindo yake yi, ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. Amma can ƙasan zuciyarsa yana jin muryoyin mutane suna cewa, "Kai! Filimon ne ya yi wannan?" Muryar nan ta fi masa daɗi fiye da yadda ya yarda.

Kowace Asabar mahaifinsa zai zo ya tsaya bakin rumfa da sandarsa ya ce, "Auta, ina labarin darar?"

"Saura kaɗan, Baba."

Tabita ma ta aiko da saƙo cewa ta gaya wa mahaifinta, tun ranar kuwa in ya ga waya a hannunta sai ya riƙa nuna ta da yatsa. Filimon ya karanta saƙon, ya ji tausayi, ya koma ya ci gaba da gyara fikafikan kaza.

Wata Asabar da hantsi ya ci karo da wani sashe da ya ɗauke masa hankali. Yana sa inuwar ganye ta riƙa rawa a kan gurabe, daidai yadda take yi a gindin tsamiya da yamma. Ya sauke shi, ya jona. Sai kwamfutar ta rubuto cewa wannan sashe ba ya zama da tsohon tushe, sai an sabunta. Ga kuma madannin nan a ƙasa, sabunta duka. Maganar Keziya ta faɗo masa, har yatsansa ya tsaya. Sai ya ce a ransa, sau ɗaya ai ba zai zama komai ba. Ya danna.

Bayan rabin sa'a wasan ya buɗe, kyakkyawa ƙwarai. Inuwa tana rawa, ganye yana motsi, kai ka ce ka miƙa hannu ka tsinki tsamiya. Murna ta kama shi, ya ɗora sabon a wayoyin biyu, a kan tsohon da yake aiki, tsohon ya shafe. Sa'an nan ne ya tuna ya gwada sada su. Wannan waya ta nemi waccan, waccan ta nemi wannan, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar allo. Ba su ga juna ba.

Ya bi sawu ya gano inda ɓarnar take. Sashen da ke sada wayoyi yana jingine da wani, wancan kuma yana jingine da wani ɗan ƙanƙanin sashe da wani baƙo ya rubuta shekarun baya ya yi watsi da shi. Ɗan abin nan bai san sabon tushe ba, sabon tushe bai san shi ba. Filimon bai taɓa jin sunansa ba sai ranar, alhali dukan alkawarinsa a kansa yake tsaye.

Ya ce to bari ya koma tsohon tushe. Ashe sabon ya riga ya juya dukan aikinsa zuwa irin nasa tsarin, ƙofar kuwa shiga kawai ake yi, ba a fita. Ya ce bari ya sake ginawa yadda yake a dā, sai tambaya ta tare shi: wace lamba? Bai sani ba. Ya shiga canki-canka. Wannan sashe ya ce sai da lamba bakwai na wancan, wani ya ce shi in an wuce biyar ba ya zama. Ya gyara ɗaya, biyu su ɓaci. Wani ma da ya koma nema, mai shi ya cire shi daga intanet ɗungum. Garin gyaran gira an rasa ido.

Da a ranar ya kira yayarsa, da labarin nan bai kai mu inda zai kai mu ba. Amma kunya ta riƙe masa baki. In ta kira ta ce, "Ya aikin?" sai ya ce, "Lafiya lau, Yaya." In mahaifinsa ya tambaya sai ya ce saura kaɗan, har kalmar ta fara yi masa ɗaci a harshe. Ya koma shiga gida ta ƙofar baya don kada ya wuce ta gindin tsamiya, inda tsohon ke zama shi kaɗai yana zane a ƙasa da sanda. Mako bakwai ya yi a haka, ya rame, fara'arsa ta tafi, ko a majami'a bakinsa kawai ke bin waƙa.

Ran nan da safe Tabita ta kira shi. Ta ce, "Filimon, jikin Baba ya ƙara nauyi. In akwai abin da za ka turo, ka turo."

Yana ajiye wayar ya kira Keziya, ya faɗa mata komai. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce kawai, "Mako bakwai, Auta?" Ranar Juma'a ta iso. Suka ture tsamiya da kaza da inuwa gefe, suka fara daga farko da sassa uku. Kowanne suka ɗauko sai ta duba abin da yake jingine da shi har ƙasa, ta sa shi ya rubuta suna da lamba a bayan littafin darasinsa, kowane mataki kuma su ajiye kwafi. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada aka gama. Aikin da ya gagare shi mako bakwai, kwana biyu ya ci. Ya fi na farko muni, amma wayoyi suka ga juna. Suka tura wa Tabita nan take.

Da yamma Baba Bawa ya yi wanka, ya sa hularsa ta zuwa majami'a, ya zauna a gindin tsamiya. Filimon ya miƙa masa wayar da hannu biyu. Tsohon ya duba gurabe, ya yi murmushi irin wanda aka daɗe ba a gani ba, ya taɓa gurbi na tsakiya. Tsinkensa ya bayyana. A ƙasan allo rubutu ya fito: ana jiran abokin wasa.

Suka jira. Can sai Tabita ta kira, tana magana a hankali. Ta ce ta sa wayar a gaban mahaifinta, ya ga tsinken, ya gane, ya daɗe yana kallo har hawaye suka zubo masa. Amma hannun hagun ma tun ranar Laraba bai ɗagu ba. Ta ce masa ya nuna mata da ido ta danna masa, ya yi ta ƙoƙari, ita kuwa ba ta san dara ba, ba ta gane gurbin da yake nufi ba.

Baba Bawa ya ce, "Ku bar ta a buɗe. Cindo dama ba ya saurin ajiye dutse."

Ya zauna da wayar ranar Litinin, ya zauna ranar Talata. Ranar Laraba da safe Ubangiji ya kira Cindo gida.

Filimon ya zo ya durƙusa, ya faɗi gaskiyar da ya ɓoye. Ya ce, "Baba, tun wata uku da suka wuce wasan yana aiki. Ni na riƙe shi. Na so in sa muku inuwar tsamiya."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi itacen da yake zaune a ƙarƙashinsa, ya daɗe. Sa'an nan ya ce, "Auta, inuwa ina da ita, ga ni a cikinta. Cindo ne ba ni da shi." Ya miƙa masa wayar ya ce, "Ungo, kashe ta." Ya yafe wa ɗansa, har ya dafa kansa ya sa masa albarka, amma bai ƙara buga dara ba har ƙarshen ransa.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa ƙaunatattu.

Wasan da Filimon ya gina shi ne aikin ƙauna da Ubangiji ya ɗora wa kowane ɗayanmu. Akwai wanda yake jiranka a gindin wata tsamiya. Wataƙila uwa ce da ka daɗe ba ka je gani ba, wataƙila ɗan'uwa ne da ya kamata ka nemi gafararsa. Abin da za ka kai masa ya riga ya isa tun tuni, kai ne kake cewa bai yi kyau ba tukuna, sai ka sami mota, sai ka sami abin riƙewa a hannu, sai ka shirya kalmomi masu daɗi. Ka bincika zuciyarka da kyau. Yawancin adon da muke cewa domin wani muke yi, domin idon jama'a ne.

Sassan aro kuwa su ne abubuwan da muke kwasowa muna jonawa a rayuwarmu: abokai, shawarwari, al'adu, koyarwar da muke ji a waya daga bakin mutanen da ba mu san gidansu ba. Ba a hana ku aro ba, ba mai rayuwa shi kaɗai. Amma babu abin da yake zuwa ba 'yan rakiya. Kafin ka buɗe wa abu ƙofa, ka tambaya, wannan da me yake jingine, wancan ɗin kuma da me, har ka kai ƙasa. Mutane da yawa a cikinmu, salamarsu da aurensu da bangaskiyarsu suna tsaye ne a kan wani ɗan abu da ba su taɓa dubawa ba, ra'ayin wani mutum ko yabon wata ƙungiya. Ranar da mai abin ya janye abinsa, sai ka ga babban mutum ya zube. Ubangiji ne kaɗai ba ya tsufa, ba ya watsar da aikin hannunsa, ba ya kuwa wayar gari ya ce ya fasa. Abin da ba ya iya zama tare da shi, kome kyansa, kada ku canja tushe dominsa.

Abin da ya fi ba ni baƙin ciki kuwa shi ne makonni bakwai ɗin nan. Danna madanni kuskure ne na minti ɗaya, kowa yana iya yi. Ɓoyewa ce ta cinye lokacin. Taimako yana nan a gidansu, 'yar'uwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma ya gwammace ya ce lafiya lau. Mu nawa ne a nan muka ce lafiya lau da safen nan, alhali ciki ya rushe? Wanda ya faɗi laifinsa da wuri yakan sami gafara, ya kuma sami gyara. Wanda ya jinkirta, gafara tana nan, gama jinƙan Allah ba ya ƙarewa, amma ba kullum gyara yake jira ba. An yafe wa Filimon, Cindo kuwa bai ajiye dutsensa ba.

Saboda haka in an tashi yau, kada ku tsaya neman abin ƙari. Abin da yake hannunku, ko da mummuna ne, ku kai wa mai jiransa tun yana iya miƙa hannu ya karɓa. Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.